Wainar Ƙwai da Cuku Mai Yaji: Darasi Don Magidanta da Matan Gida na Yusufari, Nguru da Gashuwa

GABATARWA

Ƙaramar Hukumar Yusufari tana can ƙuryar arewacin Jihar Yobe, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi da tuddan yashi, daminarta gajera, raninta kuwa dogo. Duk da haka tana da arzikin dabbobi. Da zarar ruwa ya zauna, ciyawa ta fito, sai madara ta wadata a rugage, zabi kuma su shiga yin ƙwai. A kudu da ita, fadamun Nguru da na Gashuwa, waɗanda kogin Haɗeja da kogin Yobe ke shayarwa, suna ba da albasa da tumatir da tattasai da barkono a lokacin rani.

Abin takaici shi ne, sau da yawa waɗannan kayayyaki ba su haɗuwa a tukunyar gidan da ya samar da su. Ƙwai ya tafi kasuwa, madarar da ba a sayar ba ta lalace saboda zafi, yara kuma su kwana da tuwon gero da miyar kuka kaɗai. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda uwargida za ta haɗa ƙwai da cuku da kayan yaji, ta yi abinci mai gina jiki cikin ɗan lokaci, da itace kaɗan, ba tare da ta jawo wa iyalinta cuta ba. Sharuɗɗan biyu ne kawai: madara ta tafasa, ƙwai kuma ya nuna sarai.

DARASI NA ƊAYA: AMFANIN ƘWAI DA CUKU GA JIKI

Masana abinci sun kasa abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da mai, mai gina jiki, kamar nama da kifi da wake da ƙwai da madara, da mai kare jiki daga cuta, kamar ganyaye da 'ya'yan itace. Sinadarin da ke gina jiki shi ake kira furotin. Gero yana da nasa gwargwado, amma akwai wani ɓangare na furotin, mai suna laisin, wanda ya yi ƙaranci a cikinsa. Ƙwai da madara kuwa suna da shi a wadace, don haka idan aka ci su tare da hatsi sai su cike giɓin.

Ƙwan kaza matsakaici yana da nauyin giram 50, kuma yana ɗauke da furotin kimanin giram 6. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin giram 13 a yini. Ke nan ƙwai guda ya kusa biya masa rabin bukatarsa. Bugu da ƙari, gwaiduwa tana da bitamin A mai kare ido, da bitamin D da B12. Shi kuwa cuku madara ce da aka rage wa ruwa, saboda haka furotin da kalsiyam, watau sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, sun taru a cikinsa.

Rashin irin wannan abinci yana da mugun sakamako. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta bayyana wata cuta da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara kaɗai: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta riƙa saɓulewa. A 1935 ta sanya mata sunan da mutanen wurin ke kiran ta da shi, watau kwashiyoko. Ita da tamowa da tsumburewa duk 'yan gida ɗaya ne. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ekwado, aka buga a 2017, ya nuna cewa jariran da aka ba ƙwai ɗaya kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu a cikinsu da kashi 47 cikin ɗari. Da aka maimaita irinsa a Malawi, aka buga a 2019, ba a ga wannan bambanci a tsawon yaran ba. Abin da za a koya a nan shi ne, ƙwai babban mataimaki ne, amma ba ya aiki shi kaɗai. Sai an haɗa da tsabta da ruwa mai kyau da sauran abinci iri iri. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ba da shawara cewa yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya riƙa samun nama ko kifi ko ƙwai kowace rana.

Akwai wata tsohuwar magana da ke cewa idan yaro ya saba da cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Asalinta ba ya wuce tattali, domin a da ana so a bar ƙwai ya zama kaza. Babu wata alaƙa tsakanin ƙwai da halin sata. Tarbiyya ke gyara hali, abinci kuma ke gina jiki. Haka nan mace mai ciki da mai shayarwa, ƙwai dafaffe ba ya cutar da su, ƙaruwa ma yake yi musu. Hausawa da kansu sun ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

DARASI NA BIYU: IRE-IREN CUKU DA YADDA AKE YIN SA

Cuku iri uku uwargida za ta iya samu.

Na farko shi ne busasshen cuku, wanda Buzaye da Fulanin Nijar suka shahara da shi. Ana daskarar da madara da wani ɗan yanki na tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi da bai fara cin ciyawa ba, sa'an nan a shimfiɗa ta fale-fale a kan tabarma ta bushe a iska. Yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa matafiya ke guzuri da shi, a ci da shayi ko a daka a fura.

Na biyu shi ne ɗanyen cuku mai laushi, wanda a kudu da tsakiyar Nijeriya ake kira wara. Kada a rikita shi da awara ta waken suya. Matan Fulani suna yin sa da ganyen tumfafiya. A dandaƙa ganyen, a jiƙa a 'yar madara, a tace, a zuba cikin madara mai ɗumi, a ci gaba da wuta a hankali har ta kama, kana a bar ta ta tafasa. Kimanin lita 5 ta madara ke ba da kilo 1. Sai dai a kula ƙwarai: ƙaron tumfafiya dafi ne, yana iya lahanta ido, kuma idan ya yi yawa cukun zai yi ɗaci. Wadda ba ta koya a hannun gwana ba, gara ta bi hanyar lemun tsami da za a bayyana a ƙasa.

Na uku shi ne cukun kanti na kamfani, wanda ke narkewa a wuta. Yana da tsada, yana da gishiri, yawancinsa kuma yana bukatar firiji.

Ga hanya mafi sauƙi da aminci ta yin cuku a gida:

1. A tace sabuwar madara lita 1 da tsabtataccen ƙyalle, a ɗora a wuta ana juyawa har ta tafasa.
2. A sauke, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2 zuwa 3, kaɗan kaɗan, ana motsawa a hankali.
3. Cikin 'yan mintoci madarar za ta tsinke, farin gudaji ya rabu da wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa. A bar ta minti 10.
4. A juye cikin ƙyalle mai tsabta, a ɗaure, a danne da wani abu mai nauyi na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya.
5. Ruwan da ya tsiyaye kada a zubar. Yana da sauran amfani, a dama kunu ko a kwaɓa fulawa da shi.

Dalilin tafasa madara babba ne. Akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta ɗanyar madara. Ɗaya ita ce tarin fuka irin na shanu. Ɗaya kuma ita ce cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, a jikin mutum kuwa ta kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Wani likitan soja mai suna David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, daga baya kuma aka tabbatar cewa madarar awaki ce ke yaɗa ta a can. A masana'antu ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na ma'aunin Salshiyos har daƙiƙa 15, bisa hanyar da aka sa wa sunan masanin nan na Faransa, Louis Pasteur. A gida babu ma'aunin zafi, saboda haka tafasawa ita ce madogara. Tun da yake busasshen cuku galibi da ɗanyar madara ake yin sa, lalle ne a tabbatar wuta ta ratsa shi kafin a ba yaro ko mai ciki.

DARASI NA UKU: ZAƁEN ƘWAI DA KAYAN YAJI

A watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, ƙwai kuwa ba ya jure zafi. A gwada shi kafin a fasa: a saka shi a kwano cike da ruwa. Sabon ƙwai zai nutse ya kwanta. Wanda ya kwana biyu zai nutse amma ya miƙe tsaye. Wanda ya taso sama ya tsufa, a rabu da shi. Dalili shi ne ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kullum ruwa na fita ta nan, iska na shiga. Har wa yau, a riƙa fasa kowane ƙwai shi kaɗai a ƙaramin kofi, a duba, a sansana, kafin a juye cikin sauran, don kada bara-gurbi ɗaya ya ɓata duka. Ƙwan da za a ajiye kada a wanke shi, a goge da busasshen ƙyalle, a sa shi a inuwa wuri mai sanyi. Ƙwan zabi ya fi na kaza ƙanƙanta, ɓawonsa kuma ya fi kauri, shi ya sa ya fi jure ajiya da tafiya.

Kada a ci ƙwan kazar da ba ta da lafiya. An fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin 2006, fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, har da wurin kare tsuntsaye na Dagona a ƙasar Bade, masauki ne na tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kowane hunturu. Idan kaji suka fara mutuwa ba zato, a gaggauta sanar da malamin dabbobi.

Game da yaji, barkono da danginsa asalinsu daga nahiyar Amurka ne, sun bazu a duniya bayan 1492 ta hannun 'yan kasuwar Sifen da Fotugal. Abin da ke sa su zafi wani sinadari ne mai suna kafsaisin, mafi yawansa kuma yana jikin farar jijiyar nan da 'ya'yan ke manne da ita. Wanda ke son ƙamshi da ɗan yaji kaɗan sai ya cire jijiyar da 'ya'yan. A 1912 wani masanin magunguna na Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin zafin barkono. A kansa attarugu yakan kai daga 100,000 zuwa 350,000, tattasai kuwa yana can ƙasa ƙwarai. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, furotin ɗin madara kuma yana kama shi ya wanke shi daga harshe. Wannan ne ya sa cuku da attarugu suka dace da juna, kuma shi ya sa wanda yaji ya kama, nono ya fi yi masa magani a kan ruwa.

DARASI NA HUƊU: YADDA AKE SOYA WAINAR

Kayan haɗi na mutum uku:

Ƙwan kaza 4, ko na zabi 6
Cuku giram 100, watau kamar girman akwatin ashana uku
Albasa matsakaiciya 1
Tattasai ja 1
Attarugu 1, ko 2 ga masu son yaji
Tumatir ƙarami 1
Man gyaɗa ko soyayyen man shanu, babban cokali 2
Tafasasshiyar madara, babban cokali 2
Gishiri ɗan kaɗan
Ganyen zogale cikin tafin hannu, idan akwai

Yadda za a yi:

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kayan miya da ruwa mai tsabta, a yanka su ƙanana. A matse 'ya'yan tumatir da ruwansa a ajiye don miya.
2. A shirya cukun bisa ga irinsa. Ɗanye, a yanka shi ƙanana kamar ƙwayar wake. Busasshe, a daka shi a turmi, a jiƙa a ruwan zafi minti 15, a tsane. Na kanti, a goga ko a yayyanka siri-siri.
3. A fasa ƙwai a kwano, a sa madara da gishiri, a kaɗa da cokali mai yatsu har fari da gwaiduwa su haɗe. Idan cukun mai gishiri ne, a rage gishirin.
4. A ɗora kasko a wuta matsakaiciya, a zuba cokali ɗaya na mai. A soya ɗanyen cuku ko jiƙaƙƙen nan har gefensa ya yi ja, kamar minti 3, a kwashe. Waɗannan biyun ba su narkewa, suyar ce ke fito da ɗanɗanonsu, ita ce kuma ke tabbatar da wuta ta ratsa su. Na kanti ba a soya shi.
5. A cikin man nan a soya albasa ta yi laushi, a zuba tattasai da attarugu da tumatir da zogale, a juya har ruwansu ya ƙone.
6. A rage wuta. Mai girki da itace ta janye itacen ta bar garwashi. A ƙara sauran man, a mayar da cukun, a baje komai, sa'an nan a kwarara ƙwan a kai.
7. Idan gefe ya fara kamawa, a ɗaga shi da cokali, a karkata kaskon, ɗanyen da ke sama ya gangara ƙasa. Mai amfani da cukun kanti, yanzu ne za ta barbaɗa shi.
8. A rufe da murfi minti 2 zuwa 3. A kifa faranti a kan kaskon, a juye, a zame wainar ta koma ta ɗaya gefen, a ba ta minti 1.
9. A tsaga tsakiya a duba. Idan babu sauran ruwan ƙwai, ta nuna. A ci da zafinta, da burodi ko dafaffen dankali ko shinkafa, ko kuwa a kora da kunun gero.

DARASI NA BIYAR: DALILIN RAGE WUTA

Furotin ɗin ɗanyen ƙwai kamar zare yake a dunƙule cikin ruwa. Idan ya ji zafi sai ya warware, ya sarƙe da juna, ya riƙe ruwan a tsakaninsa. Farin ƙwai yana fara kamawa tun wajen digiri 62, gwaiduwa kuwa tsakanin 65 da 70. Ke nan ƙwai yana nuna tun kafin zafin da ruwa ke tafasa. Idan wuta ta yi yawa, saƙar nan sai ta ɗaure tamau, ta matse ruwan waje, waina ta yi tauri kamar roba, ƙasa ya ƙone alhali tsakiya ɗanye. Wuta kaɗan da murfi su ke sa zafi ya ratsa ko'ina daidai.

Nunar tsakiya ba maganar daɗi ce kawai ba. Ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda ke kawo zawo da amai da zazzaɓi, tana kuwa da haɗari ga ƙananan yara da tsofaffi da masu ciki. Zafin digiri 71 a tsakiyar wainar yana kashe ta. Alamarsa a ido ita ce wainar ta kama gaba ɗaya.

Wata fa'ida kuma ita ce tattalin itace. Suyar nan duka ba ta wuce minti 15 a kan wuta. A ƙasar da tuddan yashi ke matsowa gonaki da dausayoyi irin su Tulo-Tulo da Bulatura, kowane icce da aka bari a tsaye kariya ce ga jama'a.

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Cika mai har waina ta yi iyo a ciki: cokali biyu sun isa ƙwai huɗu.
Zuba ɗanyen tumatir cikin ƙwai: ruwansa zai hana wainar kamawa.
Barin mai ya yi hayaƙi: ƙonannen mai yana ɓata ɗanɗano.
Murza ido bayan yanka attarugu: a wanke hannu da sabulu tukuna.
Ajiye ragowa: kada waina ta wuce awa 2 a waje, a kwanakin tsananin zafi kuwa awa 1. Ɗanyen cuku ma, inda babu firiji, a yi amfani da shi ranar da aka yi shi, ko a soya shi a ci kashegari.

RABON YARA

Jariri ba ya bukatar komai sai nonon uwa har ya cika wata 6. Daga nan a fara ba shi ƙarin abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. A ɗebi nasa ƙwan daban tun kafin a sa attarugu da gishiri, a soya shi ya nuna, a murmushe shi sosai don kada ya shaƙe shi, a fara da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Idan aka ga ƙuraje ko kumburin leɓe ko amai bayan ya ci, a dakatar, a kai shi ɗakin shan magani. In numfashi ne ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take. A zuba wa ƙaramin yaro a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taro manya kan riga shi.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Furotin giram nawa ke cikin ƙwan kaza guda, kuma nawa yaro ɗan shekara 2 ke bukata a yini?
2. Waɗanne cututtuka biyu ne ake iya ɗauka ta ɗanyar madara?
3. Me ya sa tsohon ƙwai ke tasowa saman ruwa?
4. Me ya sa ake soya ɗanyen cuku kafin a zuba ƙwai?
5. Ta yaya za a gane waina ta nuna?

KAMMALAWA

Ana roƙon malaman yaƙi da jahilci, da ma'aikatan lafiya, da shugabannin ƙungiyoyin mata, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi, su kuma gwada suyar a gaban jama'a. Ana kuma kira ga magidanta, kafin a kai ƙwai da madara kasuwar Nguru ko ta Gashuwa, a fara cire rabon gida. Kuɗin ƙwai huɗu bai kai kuɗin jinyar yaro guda ba, rigakafi kuwa ya fi magani.